Tambayi Kawu: masu son zuwa hutu duwatsun Abzin

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da iska ta fara juyawa saƙonni ke shigo mini kan magana guda, wato zuwa shan iska can arewa cikin duwatsun Abzin, musamman Timiya da Bagazam. Na zaɓo guda biyar da na ga sun ɗauke sauran.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ina gajiya. Ni malamin lekol ne nan Tawa. Mu huɗu ne abokai muna son in an ba da bakansi na ƙarshen Disamba mu tahi Timiya, kullum sai dai mu gani a Facebook, ruwa na zubowa daga dutsi ga itacen lemu, wani ma ya ce mini hoton ba na Nijar ba ne. Don Allah ta ina ake bi, kuma mi za mu iske can? Motar ɗayanmu ƙarama ce, tana iya zuwa?

AMSA: Lafiya lau ƙanena, Allah ya taimaki malamai. Wanda ya ce maka hoton ba na Nijar ba ne ka gaya mishi Nijar ce tsaf, jihar Agadas, kuma lemun da yake saye lokacin ɗari a kasuwar Tawa mai yiwuwa daga lambunan nan ya fito. Abin na damuna wallahi, yaranmu sun san sunan garuruwan Faransa da Dubai amma ba su san akwai ƙauye cikin dutsi a ƙasarsu inda ake noman lemu da rumman da inabi da dabino ba.

Bari mu fara da hanya. Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne, ku bi ta Tabalak da Abalak, ita ce hanyar da ake ce ma hanyar iraniyom mai wucewa har Arlit. Gudron ɗin ya ci duniya a wurare da dama, don haka kar ku lissafa awowi kamar hanyar Ƙonni, ku ba ta wuni guda kawai. Ni shawarata ku bar ƙaramar motar nan gida ku shiga kar, domin ko ta kai ku Agadas lafiya to nan aikinta ya ƙare. Daga Agadas zuwa Timiya kilomita 200 ne da ɗoriya kuma ba gudron, hanya ce ta tsakuwa da rairayi da gangaren ƙorama, ana bi ta Dabaga da Elmeki inda aka yi haƙar kuza, wani wurin mota na tafiya kamar mutum na taka ƙasa saboda duwatsu. Kat-kat ake shiga, ko a yi haya ko a bi motocin ƴan garin masu sauko da kayan lambu su koma da buhunan hatsi da sukari, waɗannan sun fi araha sai dai ba su da lokaci, ranar da suka cika ranar suke tashi. Ku da kuke da ranar komawa aiki, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku ɗauki mota da direba ɗan yankin wanda ya san hanyar, ku yi ciniki a gama tun Agadas, har da maganar esansi da kwanan direba da abincinsa, kar a bar komi sai an je.

Kuma kar ku wuce Agadas da gudu. Ku kwana ku ga tsohon gari, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, ga hasumiyar babban masallaci ta laka mai tsawon mita 27, ga fadar Sarkin Abzin. A nan ma za ku sayi abin da kuka manta.

Timiya kanta gari ne na Abzinawa Kel Ewe, yana kwance bakin wata babbar ƙorama, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi ta ko'ina, sai ka yi ta tafiya cikin ƙone-ƙonen dutsi ba ganye ko ɗaya har ranka ya fara gajiya sannan kwatsam ka sha kwana ka ga kore shar, dogayen dabino a sama, lemu da rumman a ƙarƙashinsu, can ƙasa kuma alkama da masara da albasa da tumatir. Ruwan ba daga sama yake zuwa musu kullum ba, yana ƙarƙashin rairayin ƙorama ne, shi ya sa rijiyoyinsu ba su da zurfi sosai. Tun kaka da kakanni raƙumi ko sa ke jan guga, yaro na kora shi ya je ya dawo, ruwa na zuba cikin kwararo yana bin fangali fangali, yanzu motopompi sun yi yawa amma har yau akan samu masu yi da dabba. Ku roƙi mai lambu ya bar ku ku zauna ku kalli wannan aikin da safe, ni a wurina ya fi ruwan da kuke gani a Facebook ɗin abin kallo.

Shi ruwan mai zubowa yana wajen gari kaɗan, kafin a shiga in an fito daga Agadas, yana gangarowa ta tsagin dutsi ya taru a wani tafki. Sai dai ku sani ƙarfinsa na bin damina, a Disamba ba lalle ku iske shi yana ambaliya kamar hoton da aka ɗauka a Satumba ba, kuma sanyinsa ba na wasa ba ne. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya baki ya sa ƙafa, tafkin dutsi ba ya nuna zurfinsa. Bisa wani tudu saman gari akwai tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ake kira Fort Massu, an gina ta a shekarun 1950, ku hau da la'asar sakaliya za ku ga garin da lambunan duka a ƙarƙashinku. In kuna da sauran kwana da esansi, arewa da Timiya kan hanyar Iferwan akwai kangon Asode, tsohon babban birnin Abzin, gidaje da masallaci na dutsi duk sun zama kufai. Kai malami ne, ka je ka gani ka zo ka ba ɗalibanka labari da bakinka, da shi da yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawan nan da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, duk tarihin yankin nan ne.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi, lemu ya nuna, rana ba ta da zafi. Amma dare fa ku shirya mishi, ɗarin dutsi ba irin na Tawa ba ne. Bargo mai kauri kowa da nashi, rigar sanyi, safa, rawani ko hular da ke rufe kunne, man shafawa don leɓe da ƙafa na tsagewa. Takalmi rufaffe mai riƙe dutsi, ba silifa ba.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni matar aure ce a Yamai. Maigidana ya dage wai sai mun je Bagazam mu duka, da yara uku, ƙaramin shekara biyu, har da uwar mijina mai fama da tansiyo da ciwon gwiwa. Ya ce iskar can magani ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban san yadda zan faɗa mishi ba.

AMSA: Ɗiyata hankalinki ya gaya miki gaskiya. Niyyar maigidanki mai kyau ce, namijin da ke son ya fitar da iyalinsa da mahaifiyarsa su ga ƙasa abin yabo ne, wurin ne kawai bai dace da wannan ayarin ba. Bagazam ba gari ba ne da mota za ta sauke ku ƙofar gida, wani ƙaton fili ne bisa dutsi, tsawonsa wajen kilomita 40, da ƙauyuka da lambuna a samansa, kuma can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mita 2022. Masu zuwa yawo ta wajen Tabelot suke bi, su hau da ƙafa awowi cikin tsagin duwatsu, jakuna na ɗauke da kaya. Mutanen can sun saba, da haka suke sauko da dankalin turawa da tafarnuwa da albasa, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ko an ɗora ta kan jaki saukowar ta fi hawan wuya. Ga sanyi, akwai dararen da ruwa ke daskarewa a kwano. In tansiyo ta tashi da tsakar dare ko yaron ya kama zawo, babban asibiti sai Agadas, kuma kafin a sauko a samu mota an sha wuya.

Ga yadda za ki ce mishi, ba sai kin ce a fasa ba. Ki ce a raba tafiyar. Daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 950 ne, wannan kaɗai ya ishi Hajiya da ɗan shekara biyu, ku ya da zango Tawa ku kwana. A Agadas ku da yara da Hajiya ku zauna wajen dangi ko masauki, shi in yana da ƙarfin gwiwa ya samu abokai da ja-gora su hau Bagazam su dawo. In Hajiya wankan magani take so, akwai Tafadek arewa da Agadas, ruwan zafi ne ke fitowa daga ƙasa, mutane na zuwa daga nesa saboda ciwon gaɓoɓi. Amma ko shi kar ta shiga sai likitanta ya yarda, ruwan zafi na iya juya mai tansiyo, kuma kar a ajiye komprime wai an samu na gargajiya. Ki ɗauki maganinta wanda zai wuce kwanakin tafiyar, da gishirin zawo na yara, da karnen rigakafinsu.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne a jami'a nan Yamai. Mun shirya da abokaina za mu je Abzin amma tsohuwata ta ce ba da yawunta ba, wai ana sace mutane. Na ce to mu je Park W ko Kure wajen raƙuman dawa tunda kusa ne, nan ma ta ce a'a. Ba tsoro ne kawai irin na iyaye mata ba?

AMSA: Ɗana, kar ka kira shi tsoron iyaye mata, tsohuwarka na sauraren rediyo. Game da Park W ina bayanta ɗari bisa ɗari. Gandun nan tun 1954 aka kafa shi, UNESCO ta karɓe shi a 1996, da can mutanen Yamai na zuwa Tapowa su kwana su ga giwaye da ɓauna su dawo, tafiyar kilomita 150 ce kawai. Yau dajin nan da ya haɗa mu da Benin da Burkina ƴan bindiga sun shige shi, ba wurin yawon ɗalibai ba ne, kar ku je, ko wani ya ce muku ya san hanya. Kure kuma ka tuna abin da ya faru ranar 9 ga Agusta 2020, an kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da ja-gora. Ina faɗin wannan da baƙin ciki, don raƙuman dawan nan irinsu ba su saura ko'ina a Afirka ta Yamma sai wurinmu.

Abzin maganarsa daban ce amma ba a ce babu komi ba. A 2025 an sace Turawa mata biyu cikin garin Agadas, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Masu wannan aikin baƙin waje suka fi nema, shi ya sa in akwai Bature ko wani ɗan ƙasar waje cikinku to maganar ta canza gaba ɗaya, sai da izinin hukuma da rakiyar soja. Ku ƴan ƙasa abin da ya fi shafarku shi ne ƴan tare hanya, waɗanda suka ƙaru tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014, mota kat-kat mai kyau da waya da kuɗi suke so. Sannan tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu wurare na arewa, wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ku ce ma direba ya saki hanyar da kowa ke bi ya yanke ta daji.

Duk da haka mutanen Timiya da Tabelot da Iferwan kullum suna hawa suna sauka, ana biki ana kasuwa, ana yin bikin Abzin a Iferwan mutane su zo daga ko'ina. Da ɗan gari akan ci gari. A jami'arku akwai ɗaliban Agadas da yawa, ka nemi wanda gidansu ke can, ku tafi tare a matsayin baƙinsa, iyayensa su san da zuwanku. Ku tambayi labarin hanya a satin da za ku tashi, ba labarin bara ba, in kun isa Agadas ku sake tambaya wajen jandarmomi da direbobin tasha. Kart dantite a aljihu, ba tafiyar dare, ba sa hoto a intanet ana cewa ga mu nan gobe za mu wuri kaza, ku bari sai kun dawo. Rezo na ɗaukewa tsakanin garuruwa, ka gaya ma gida tun farko cewa za a yi wuni ba a same ka ba don kar hankali ya tashi.

In ka kawo ma tsohuwarka wannan tsarin, ga sunan gidan da za ka sauka, ga lambar uban abokinka ta yi magana da shi da kanta, mai yiwuwa ta sassauta. In kuma ta ce a'a har yanzu, ka haƙura bana. Ni ba zan ba ka shawarar ka hau hanyar kilomita dubu uwarka na kuka ba.

TAMBAYA: Kawu wai akwai namun daji can? Ina da bindigar farauta ta gado, in zo da ita? Kuma ana samun ɗan barewa na saye in kawo ma yara?

AMSA: Bar bindigar nan inda take, malam. Gabas da arewacin waɗannan garuruwa gandun Abzin da Tenere ne, an kafa shi a 1988, faɗinsa ya haura hekta miliyan 7 da rabi, yana cikin mafi girma a Afirka duka. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan, 1992, ta mai da shi layin waɗanda ke cikin haɗari, kuma farauta na cikin abin da ya cinye shi. Jiminar da ke yawo a kwaruruwan nan ta ƙare a daji, sai waɗanda ake kiwo cikin shinge a Iferwan don kar irin ya ɓace. Abin da ya rage, barewa da ragon dutsi da birai da dila, sun koyi gudun mutum, in ka ga sawunsu da safe ka gode Allah. Ɗan barewar da za a sayar maka kuwa sai an kashe uwar ko an kore ta da mota har ta faɗi kafin a kama shi, kuma yawancinsu ba sa rayuwa a gida. Ga doka, ga shingayen jami'an gandun daji a hanya. Haka zanen dabbobi da mutanen zamanin da suka yi bisa duwatsu, irin raƙuman dawan Dabus da ke tsakanin Agadas da Arlit, babbar ta fi mita 5, dubban shekaru suna nan, ba a kankare su ba a rubuta suna kusa da su, kuma ba a tsinto kan kibiya na dutsi a zuba aljihu. Yara ka kai su gidan tarihi na Bubu Hama nan Yamai, akwai dabbobi, har da gangar itacen Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai cikin hamada har mota ta kaɓe shi a 1973.

TAMBAYA: Kawu ba na jin Tamashek ko kalma ɗaya, za mu fahimci juna? Kuma a ina ake kwana, mi ake kai ma mutane?

AMSA: Za ku fahimci juna sarai ƙanwata. Mazan Kel Ewe ƴan ayari ne tun asali, su je Bilma da Fashi su ɗauko gishiri da dabino, su gangara Damagaram da Kano su sayo hatsi, saboda haka Hausa ba baƙuwa ba ce a bakinsu, tsofaffin mata da ƙananan yara ne wani lokaci sai da tafinta. Masauki akwai ɗan na baƙi amma galibi gidan mutane ake sauka, in kun isa a fara kai ku ku gaida maigari kafin yawo.

Su mutane ne masu kunya da kamun kai. Namiji mai rawani ba a ce mishi ya buɗe baki don a ɗauki hoto, mace ma sai an tambaye ta, kuma ki sa sutura irin wadda za ki sa zuwa gidan surukai, ko wajen ruwan nan ne. In an ɗora shayi ki zauna har kofi na uku, ba a sha ɗaya a miƙe. Za a ba ki furar gero da aka dama da cuku da dabino, da gurasar da ake gasawa cikin rairayi da toka, tagella, ki ci ki yaba. Lambu kuwa dukiyar mutum ce ko ba ki ga shinge ba, kar yara su tsinki lemu, ku saya, in an ba ku kyauta ku san abin da za ku mayar.

Tsaraba mai daraja can ita ce ganyen shayi da sukari, sai atamfa ko sabulu ga uwar gida. Ku daina raba ma yara alewa da kuɗi a hanya, yana koya musu roƙo, in kuna da abin bayarwa kamar kaye da bik ku kai ma daraktan lekol ya raba. Kuɗi ku riƙe ƙanana, ƴan jika ɗaya da jika biyu, canjin jika goma na wuya a ƙauye. Ledar ruwa da gwangwanin sardin da batir duk ku tara cikin buhu ku sauko da su Agadas, awaki na cin leda su mutu. Ruwan sha ku cika bidon tun daga gari, kuma kar a yi wanki da omo cikin tafkin da dabbobi da mutane ke sha. In kuma tafiyar ta faɗo cikin damina, tsakanin Yuli da Satumba, kar ku kafa shimfiɗa cikin ƙorama don rairayinta na da laushi, ana iya yin ruwa can bisa dutsi inda ba ku gani ba ya iso muku da dare, irin haka ƙoramar Telwa ta cinye unguwanni a Agadas a Satumban 2009. Lemun da za ku sayo ku sa shi a kwali ba buhu ba, hanyar Elmeki na farfasa shi.

Masu tambaya kan Bilma da Jado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.